Gishirin Matattu da Idon Kawu Stosh

Litinin, 7 ga Oktoba, 1:20 na rana

Na same shi! Na same shi, na same shi. 

Ina cikin sharar gugguru tsakanin kujerun silima sai waya ta yi ƙara. Wani tsoho ne daga West Virginia, Virgil Tackett, ɗaya daga cikin masu tara tsofaffin finafinai da na yi ta aika wa wasiƙa tun watan Yuni. Ya ce, "Kai ne yaron garin Erie mai neman fim ɗin gishirin nan?" Na ce ni ne. Ya ce, "To yana rumbuna, ƙarƙashin injin yankan ciyawa. Ainihin fim, naɗi shida. Ban dai san abin da za ka yi da shi ba, ko kajina ba za su tsaya kallonsa ba."

Zama na yi a ƙasa, a layi na tara, da tsintsiya a hannu.

Gishirin Matattu. Italiyawa suka yi shi a 1980. Sau uku aka canza masa suna kafin ya iso ƙasar nan, daga nan ya ɓace, babu shi a faifai, babu shi a intanet. Kawu Stosh ya haska shi a nan Silimar Regina sati shida a 1981, sau uku a rana, amma bai taɓa kallonsa ba. Wanda bai yi aikin majigi ba ba zai gane ba. Naɗi ɗaya minti ashirin ne, injina biyu ne. Idonka yana kusurwar dama ta saman allo, kana jiran ɗigon da zai ce maka ka kunna ɗaya injin. Tsakanin ɗigo da ɗigo kuma kana mayar da naɗin da ya ƙare, kana ɗora na gaba. Shekara arba'in da ɗaya Kawu yana kallon kusurwa.

Ranar da muka dawo daga wurin likita a watan Yuni, a mota ya ce mini, "Rudy, kafin idon daman nan ya bi ɗan'uwansa, ina so in zauna a ƙasa kamar mutum in kalli fim ɗin nan."  Washegari na sayo ambulan na aika wasiƙu.

Aikin idon sai 5 ga Nuwamba. Da sauran lokaci.

Talata, 8 ga Oktoba, 7:05 na yamma

Na gaya masa muna cin abinci. Yana tsaka da kai loma ya tsaya.

"Ƙarya kake."

"Naɗi shida, Kawu."

"Shida? Ba biyar ba?"

"Shida."

Ya daki tebur har miyar kabeji ta fantsalo. "To ba su yanke shi ba! Ɗan nan, zo in taɓa kanka."

Yaya Bernie ta kawo masa magani daga wurin aiki, tana tsaye da rigarta ta jinya. Ita kaɗai Kawu ya haifa, ni ɗan ƙanwarsa ne da aka ajiye a gidan tun ina shekara tara, to ita ke da ta cewa. Ta ce, "Wane fim?" Da ta ji, sai ta ajiye jaka.

"Na gawawwakin nan masu tafiya? Baba, duk finafinan duniya ka rasa wanda za ka ce sai wannan?"

"Uwarki sau goma sha ɗaya ta kalle shi."

"Mama tikiti take sayarwa a bakin ƙofa. Ɗumi take shiga nema."

"Ɗumi a watan Yuli?"

Yaya ta yi tsaki. Kawu ya ce matarsa, marigayiya Anti Dolores, ta taɓa ce masa akwai wani wuri a fim ɗin da yake sa ta kuka. Shi kuwa ya kwashe da dariya, wai wa ke kuka a fim ɗin masu cin naman mutane. Ta yi fushi ta ƙi faɗa masa ko wane wuri ne, kuma ba ta faɗa ba har ta bar duniya. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Da alama Yaya ma ba ta taɓa ji ba, don ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Na lura cokalinsa ya wuce gefen kwano sau biyu. Na matsar da kwanon.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 8:30 na yamma

Awa biyar zuwa, awa biyar dawowa, kuma ban gaji ba ko kaɗan!

Virgil gajere ne, gemu har ƙirji, da kare mai ƙafa uku. Rumbunsa cike yake da gwangwanayen fim har rufi, kaji na ƙwai a kansu. Ya ja mini manyan gwangwanaye biyu masu tsatsa. Kafin komai na yi abin da Kawu ya koya mini: na buɗe na sa hanci. Ɗaya, lafiya. Biyu, lafiya. Na uku ya buge ni da warin tsami har ido ya kawo ruwa. Fim in ya fara wannan warin ya fara mutuwa ke nan, kuma yana shafa wa na kusa da shi. Sauran ukun lafiya lau.

Virgil ya ce, "Hancin wa ka gada? Yaran yanzu waya suke ɗagawa su ɗauki hoton gwangwani."

Na ce na kawuna.

"Shi ke son gani?"

Na ce eh.

"Mai hankali ne?"

Na ce wani lokaci.

Ya yi dariya har karen ya tashi. Ya ce in na gama in mayar masa da gwangwanayen, suna da kyau wajen ajiye ƙusa. Shi ya taɓa kallon fim ɗin da daɗewa, abin da yake tunawa kawai shi ne bai iya cin ƙwai da gishiri ba na wata guda.

Na raba na ukun da 'yan'uwansa, na naɗe shi a bargo a kujerar baya, na taho tagogi a buɗe. Na daskare, amma waƙa nake har Erie.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Madam Lucille, mai silimar, ta ba ni zauren ranar Lahadi 27, ƙarfe biyu. Ta ce, "In Stosh ne, ko ranar Kirsimeti ce."

Asabar, 12 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Tun safe ina kan teburin dubawa. Safar hannu ta auduga, gefen fim tsakanin babban yatsa da manuni, ɗaya hannun yana juya mariƙi sannu a hankali. Duk inda hudar gefe ta yage, safar za ta kama, in tsaya in gyara. Naɗi na ɗaya, yaga goma sha huɗu. Ba yawa.

Wannan aikin ya fi mini komai. A makaranta malamai sun ce ina da nawa, har na bar musu ita ina ɗan sha shida. A nan nawar ce ake nema.

Ina ɗaga fim ɗin ga fitila ina leƙa hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai wuce girman kan sarki ba. Jirgin ruwa. Wani mai gashin baki. Tsaunuka farare, na zaci ƙanƙara ce, ashe gishiri ne. Sai wani hannu ya fito daga ciki! Na yi ihu ni kaɗai a ɗaki. Launin duk ya koɗe ya koma ruwan hoda, haka fim ɗin wancan zamanin yake yi. Ba komai.

Na share Wanda da Jadwiga, na zuba musu mai. Sunan gwaggonnin Kawu ne ya sa wa injinan, wai su ma in ɗaya ta yi shiru ɗayar ce ke ɗauka. Rabon da a kunna su shekara biyu, tun da kwamfuta ta karɓe aikin. Wanda ta tashi a bugu ɗaya. Jadwiga ta yi tari tukuna.

Litinin, 14 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Kawu ya zo ɗakin majigi! Ni ban ce ya zo ba. Muryarsa kawai na ji daga ƙasa yana ƙirga matakala, har talatin da biyu.

Na miƙa masa safa, ya ture. "Ni za ka ba safa?" Ya riƙe gefen naɗi na biyu da yatsunsa tsirara, ya ce in juya. Bai ko sunkuyar da kai ba, bango yake fuskanta. Can ya ce, "Tsaya." Na duba, ban ga komai ba. Ya ce in ƙara dubawa. Ashe wani ya haɗa fim ɗin da salatif na naɗe kyauta, har ya koma ruwan ƙasa.

"Wane jaki ne ya yi wannan? Wannan aikin 'yan Ohio ne, na rantse."

"Kawu, ta yaya ka san 'yan Ohio ne?"

"In ba su ba, wa?"

A ƙarshen naɗin muka tarar mutum huɗu daban-daban sun karce nasu ɗigon, don ba su yarda da na asali ba. Wani da'ira, wani gicciye, wani ma huda ya yi. Kawu ya ce shi bai taɓa karce fim ɗin mutane ba, wanda ba ya ganin ɗigo ya je ya sayar da gugguru.  Sai ya ce in ci gaba da juyawa.

Mun kuma gano ɓarayin hoto. Duk inda matacce ya fi muni, wani ya datse hoto biyu ko uku ya kai gida. Kawu ya ce haka suke yi, su sa a walat su nuna wa 'yan mata. Na ce 'yan matan suna so? Ya ce shi ya sa yawancin masu majigi ba su yi aure ba.

Na daɗe ban ji yana dariya irin ta yau ba.

Wajen sauka wani abu ya faru a mataki na biyar daga ƙasa. Ba wani abu ba ne. Ya ce kar in gaya wa Yaya.

Laraba, 16 ga Oktoba, 12:40 na rana

Yaya ta ga gwiwarsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 4:50 na yamma

Da safe ta kai shi asibiti, ba ranarsu ba ce. Sun dawo ƙarfe ɗaya. Kawu ya wuce ɗaki ya kunna rediyo. Yaya ta tsaya a bakin ƙofar kicin, ba ta cire kot ba.

"An dawo da aikin idon ashirin da huɗu."

"Ga Nuwamba?"

"Ga wannan watan, Rudy. Alhamis mai zuwa."

Ban tambayi dalili ba. Na ga fuskarta.

Ashirin da bakwai ta wuce ashirin da huɗu. Na tsaya ina lissafa wannan a kaina kamar wani abu ne mai wuya. Sai na kira Madam Lucille. Ta ce Laraba 23, ƙarfe biyu, za ta soke kallon da ake yi wa tsofaffi da rangwame.

Saura kwana shida. Naɗi uku ban ko taɓa ba, ga kuma na ukun.

Za a yi. Za a yi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, 7:30 na yamma

Na huɗu da na biyar sun kammala. Idona yaji, wuyana ya sandare.

Na ukun ne matsala. Ya ƙanƙance ya nannaɗe kamar ganyen kabejin da ya kwana a rana. In na sa shi a inji haka, haƙoran za su yayyaga shi. Na tambayi Kawu ta waya, don an hana shi fita. Ya ce in juya shi ciki ya koma waje, in naɗe shi sako-sako, in bar shi kwana biyu ya huta.

"Kamar mutum ne," in ji shi. "In ka matsa masa ya karye."

Na ce to.

"Ka leƙa na biyar?"

Na ce na duba hudoji kawai.

"Maƙaryaci. Kar ka gaya mini komai."

Na ji Yaya a bayansa tana cewa ya ajiye waya lokacin ɗiga magani ya yi.

Asabar, 19 ga Oktoba, 2:10 na rana

Na shida ya kammala. Na ukun yana hutawa. Nakan leƙa shi kamar mai jego.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 1:30 na rana

Na kalle shi! Ban je coci ba, Allah ya yafe. Dole a gwada fim kafin a haska wa mutane. Da yake ba kowa a zauren, sai na riƙa tsayawa bayan kowane naɗi, ban damu da ɗigo ba, na manna fuska a tagar majigi na kalla tun daga farko har ƙarshe. Na ukun ya wuce! Yana rawa, yana kuka kamar ƙofa, sai da na dafe shi da yatsa minti ashirin, amma ya wuce.

To, fim ɗin.

Labarin dai wani likita ne mai gashin baki da wata 'yar jarida suka je wani ƙauye a bakin teku inda ake haƙar gishiri. Mutanen garin a cikin gishiri suke binne matattunsu. Wani kamfani ya zo da katafila ya tone. Shi ke nan labarin, sauran gudu ne da ihu.

Shirme kuwa sai wanda ya gani. Muryoyin daga baya aka ɗora, baki ya rufe magana na ci gaba. Akwai wani tsohon masunci ba haƙori ko ɗaya, amma muryarsa irin ta mai tallar katifa a rediyo. Likitan ya shiga mota ƙarama ya fito daga babba. Duk ɗakin da aka ce kar a shiga, sai wani ya ce bari ya duba. 'Yar jaridar ta faɗi sau bakwai, na ƙirga, kuma a fili, ba ko tsakuwa. Jinin, da yake komai ya koɗe, kamar shayi da madara.

Amma kai! Duk abin tsoron da rana tsaka yake faruwa. Ban taɓa ganin haka ba. Ba duhu, ba hazo, ba inda za ka ɓuya. A naɗi na biyu akwai minti huɗu da ba wanda ya ce uffan, ganga ce kawai ake bugawa ɗaya-ɗaya. Tsibin gishiri ya fara zubewa, sai su tashi, dogaye, a bushe, gishiri yana tsiyaya daga bakinsu da aljihunsu. Ba sa sauri. Ko kaɗan ba sa sauri. Gashin jikina ya miƙe, ni da na riga na ga hotunan ɗaya-ɗaya a hannuna.

Sannan na biyar. Wata tsohuwa ta hango mijinta a cikinsu. Kowa yana gudu, ita ta koma gida ta jiƙo tsumma, ta zo ta goge masa gishirin fuska, ta gyara masa wuyan riga. Shi kuma ya tsaya cak yana barinta. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Amma na tabbata nan ne wurin Anti Dolores.

In wani ya tambaye ni ko fim ɗin kirki ne, a'a zan ce. In ya ce to kar ya kalla, sai in riƙe masa hannun riga.

Litinin, 21 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Yaya ta zo silima. Rabonta da nan tun jana'izar Anti. Ta same ni ina goge gilashin Wanda, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, matakalar ta ba ta wuya.

"Warin me wannan?"

"Na uku ne."

"To ni ban yarda ba, Rudy."

Na ci gaba da gogewa.

"Ka ajiye tsumman nan ka dube ni. Kai ba ka shiga wurin likitan ba, ni na shiga. In aikin nan bai yi ba, abin da ya gani ranar Laraba shi zai zauna masa a kai har ƙarshen ransa. Tsutsa da ruɓaɓɓen nama? Ni so nake in kai shi bakin tabki, ya ga jikokinsa, ya ga ganye ya yi ja."

"A kai shi da safe, Yaya. Fim sai biyu."

"Ka ji shi! Kullum da amsa a sanyaye, kamar ba jini a jikinka. Tun kana yaro haka kake, a yi ta yi maka faɗa kana kallon mutum kamar tunkiya."

Na ce haka ne.

Ta zauna a kan kujerar Kawu. 

"Ka kalla?"

"Jiya."

"Yana da kyau? Ka faɗa mini gaskiya."

"Ba shi da kyau."

"To?"

"Shi ya ce yana so. Tun Yuni abu ɗaya ya roƙa."

"Wurin Maman fa? Akwai?"

Na ce ina jin akwai. Ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta fasa. Ta miƙe ta ce za ta kawo shi har bakin ƙofa, amma ita ko da kuɗi ba za ta zauna kallon ƙazanta ba. Kuma in ya sake hawa matakalar nan, ni za ta jefo daga sama.

Ta yarda ke nan! Da ta sauka sai da na rungume Jadwiga.

Talata, 22 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Ya sa na goge masa kwat ɗin coci. Ya tambaye ni ko ruwan toka ce ko baƙar. Baƙar ce, tana hannunsa.

Gobe!

Laraba, 23 ga Oktoba, 7:15 na yamma

Bari in bi shi daki-daki, kar in manta komai.

Da safe sun je bakin tabki da yaran. Biyu saura kwata suka iso, Kawu cikin kwat, har da turare. Madam Lucille ta ba shi gugguru babban kofi, ta yaga masa tikiti, wai tun da yau ɗan kallo ne. Ya ɗaga tikitin sama ya ce, "Rudy! Na farko a rayuwata!" Yaya ta riƙo shi zuwa layi na uku. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya ce a matsa gaba. Suka koma layi na ɗaya. Ita ta tsaya a gefe da kot ɗinta da jaka, tana jiran a kashe fitila ta fita.

Na kashe fitila. Na tayar da Wanda. Hasken ya faɗa kan allo, jirgin ruwa, teku, gangar nan. Na ji Kawu ya yi wata irin dariya.

Ba a yi minti uku ba ya ɗaga murya. "Gyara hoto!"

 Na ɗauki madubin hangen nesa na duba allo. Hoton garau yake, har gashin bakin likitan ana iya ƙirgawa. Naɗi na ɗaya ne, wanda ya fi kowanne lafiya. Na rasa yadda zan yi. Sai na murɗa gilashin hoton ya dushe, na sake murɗo shi inda yake. Ya ɗaga hannu, alamar ya yi.

Bayan minti biyu, "Rudy, gyara hoto mana!"

Na sake yin haka. Wannan karon bai ɗaga hannu ba. Na ga kansa ya karkata dama, ya karkata hagu, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ƙara cewa "Rudy," amma a hankali, ba don in ji ba. Daga nan ya ajiye gugguru a ƙasa.

Na yi niyyar kashe injin. Hannuna har ya kai.

Sai na ga Yaya ta ajiye jaka. Ta cire kot. Ta zauna kusa da shi ta ɓangaren kunnensa mai kyau.

Da farko raɗa take, ba na ji. Amma Yaya ba ta iya raɗa ba. Kafin na biyu ya ƙare muryarta tana hawowa har ɗakin majigi.

"Mai gashin bakin ne, Baba, zai shiga ɗakin. Kai, kar ka shiga! An ce maka kar ka shiga! Wannan likita ne ko sakarai?"

"Ya shiga?"

"Ya shiga. Wayyo Allah. Wayyo, Baba, hanji ne."

"Wane launi?"

"Ina zan sani, komai ruwan hoda ne!"

"Kin rufe ido, ina jin ki. Buɗe ki faɗa mini."

"Na buɗe! Matar ta faɗi kuma."

"Me ya kayar da ita?"

"Ba komai! Iska!"

Madam Lucille tana baya tana dariya har da tari. Ni kuwa ina dafe da na uku da yatsa, ina dariya, kuma hancina yana zuba, ba hannun gogewa. Sauyi biyar na yi, ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Da tsohuwar ta fito da tsummanta sai Yaya ta yi tsit. Na ji Kawu yana cewa, "Me ke faruwa? Bernadette, me ke faruwa?" Ta sunkuya ta kai baki kunnensa. Wannan karon ta iya raɗa. Ban ji ko kalma ba, kuma ɗigo ya kusa, dole na mayar da ido sama. Da na sake dubowa kanta yana kan kafaɗarsa.

Huɗu ta ɗan gota muka fito. Rana tana nan. Kawu ya tsaya a bakin titi yana riƙe da hannuna da na Yaya.

Na ce, "Kawu, yaya?"

"Fim ɗin banza ne," in ji shi. "Shekara talatin da takwas ina ɗauke da shi a kai, ashe shirme ne. Masuncin nan katifa yake sayarwa?"

Yaya ta ce, "Ai na faɗa muku."

"Ke yi shiru, ke da kika kusa karya mini hannu."

Muka taka kaɗan. Na kasa haƙuri.

"Kawu, hoton nan... ban gyara komai ba."

"Na sani. Ka zaci ban san ƙarar gilashin Wanda ba? Ka murɗa ka mayar. Sau biyu." Ya matse mini hannu. "Mutanen ban gan su ba, duk sauri suke, kafin in kama su sun wuce. Amma matattun na gan su, Rudy. Fari fat, sai dogayen abubuwa baƙaƙe suna tahowa a ciki. Su kaɗai suka yi tafiyar da idona zai iya bi."

Muka kai mota. A nan ya ce yunwa yake ji, kuma a sa masa gishiri da yawa, ya ga wanda zai hana shi.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 6:50 na safe

Yana ɗaure takalmi da kansa, ya hana a taimaka. Shi da Yaya suna ta musu kan ko likitan ya mutu a ƙarshe. Ita ta ce ya mutu, da idonta ta gani. Shi ya ce mai irin wannan gashin bakin ba ya mutuwa.

Suna kirana in raba gardama. Mun tafi.